Shekarar da Dogarin Gero Ya Shiga Rumbu

Zainaba, Mustafa, da ke Yagana auta, wannan babin naku ne, kuma na daɗe ina kewaye shi. Na san abin da kuka taso kuna ji a gidan Gwaggonku Rabi, Allah ya jiƙanta: wai ni na tsaya gaban mutane na tona wa mahaifinku asiri, kuma ciwon da ya kwantar da shi daga nan ya samo asali. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa buɗe baki ba. Lokacin da abin ya faru ku biyu manya kuna karatu a Yamai, auta kuwa ba ta san damanta da hagunta ba. Yanzu idona ya fara gazawa, hannun da ya ƙare rayuwarsa yana manna ƙwaro a kan ɗan kati ya soma rawa, gara ku ji daga bakina tun ina iya tsara magana. Na tsaya gaban mutane, wannan gaskiya ne. Ga yadda aka yi har na tsaya.

Sai na fara da ƙwaron, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane mu ba. Kun san tsutsar nan da ke shiga zangarniyar gero lokacin da ya fara ido, ta bi ta tana zagayawa tana yanke ƙwaya, wadda manoma ke kira murzuna. Tana da maƙiyi, wani ɗan mitsitsin zanzaro da bai fi ƙwayar riɗi ba. Macen takan nemo tsutsar ta harbe ta, tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Mahaifinku ne ya fara lura da shi yana saurayi, a gonar kakanku ta Gaffati. Ya kama, ya duba littattafan da ake da su a wancan zamani, ya ga zanen da ya yi kama da shi, ya ɗauki sunan Latin da ke ƙarƙashin zanen ya ba shi. Da wannan suna ya yi digirinsa, da shi aka buɗe labo ɗinmu, wato ɗakin bincikenmu, da shi duk wata takardar sarwis ɗin noma ta san ƙwaron. Ni a labo ɗin na same shi ina sabuwar ma'aikaciya, 'yar Barebarin Birni da ta fi son leƙa mikroskop a kan hira. Muka yi aure, muka raba aiki: shi gona da taro da magana, ni ɗaki da allura da kati. Mukan kiwata zanzaron a kan tsutsar hatsin ajiya, mu zuba cikin 'yan ƙananan buhuna, a rataye a ƙauyuka da damina, su fito su bazu cikin gonaki. Abin ya yi aiki shekara da shekaru. Mutanen ƙauyen Zermu suka raɗa masa dogarin gero, mahaifinku kuwa in ya sauka daga mota a can, sai an yi gardamar gidan da zai ci tuwo.

A shekarar da nake ba ku labari bazara ta yi tsanani, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana da kwanaki, injin labo ya ƙi tashi. Ranar da muka buɗe ɗakin kiwo zafi ya buge mu kamar bakin tanda. Kwalabe duka shiru, ƙwarin sun zube a gindi kamar garin barkono. Ga damina ta ƙarato, ƙauyuka na jira, kuma ba a samun na daji sai gero ya yi kai. Daraktan proje, shugaban aikinmu, ya ce abin mai sauƙi ne, akwai wani labo a ƙasar waje da ke kiwon wannan ƙwaro, a rubuta musu sunan su aiko. Aka rubuta, suka aiko. Baƙin nan suka hayayyafa fiye da yadda namu suka taɓa yi, har ma'aikata na murna wai an kawo mana iri mai ƙarfi. Aka cika buhuna, aka raba kamar kullum.

Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo. Ana gab da girbi sai saƙo ya zo daga Malam Idi, manomin da ya fara rataye buhunmu a Zermu, ya ce mu zo. Bai ce kome ba bayan wannan. Da muka isa bai kai mu gida shan ruwa ba kamar yadda ya saba, a bakin gona ya tare mu.

"Dokta, sannu da zuwa. Hajiya, sannu da hanya. Ku zo ku gani da idonku, don in na faɗa da baki za ku ce tsufa ne."

Ya tanƙwaro zangarniya ya murza a tafin hannu, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, abin da ya rage bai isa tsuntsu ya sauko dominsa ba. Ya karyo wata, ya karyo wata. Kowace da zanen murzuna ya naɗe ta daga gindi har kai, tsutsar kuma tana ciki da ranta, ƙatuwa, tana motsi. Na bi layi ina tsaga zangarnu ina neman ko guda da aka harba ta sandare. Ban samu ba. Na juya na dubi gonakin, har inda ido ya tsaya gero tsaye kyakkyawa, ciki kuwa ba kome.

"Kun rataye buhunan a kan lokaci?" in ji mahaifinku. Muryarsa ba tasa ba.

"Kafin motarku ta fita gari."

"Ba ku fesa magani ba?"

"Kai ka ce kada mu fesa, zai kashe dogari. Masu maganin sun zo har kasuwa, muka ce mun gode."

Suna cikin haka matar Malam Idi ta ja mayafina, ta kai ni bayan gida inda rumbunsu yake da ɗan ragowar hatsin bara. Ta ɗaga murfin. Sai ga su sun taso kamar hayaƙi, suna bin fuskata da hannuwana.

"Ga dogaranku nan," in ji ta. "Tun da aka rataye buhu nan suka tare. Ni har na ce ko na bana na tsaron gida ne."

Na ɗebo su cikin kwalba na kawo labo. Ina da tsofaffin na Gaffati da na manna tun farkon aurenmu, jere cikin akwati. Na ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can, na jera su a ƙarƙashin madubi. Da ido haka kawai ba mai raba su. Amma ƙahon macen Gaffati gajere ne mai kauri, gaɓoɓinsa sun gaza na baƙuwar, kuma gadon bayanta yana da 'yan zane kamar fatar da dukawa suka buga, na baƙuwar kuwa sumul. Na sauke, na ɗauko wasu, na sake. Duk wadda na ɗora maganar ɗaya ce. Na aika aka kira mahaifinku. Ya leƙa a tsaye, bai ko ja kujera ba.

"Malam, waɗannan ba ƙwaro ɗaya ba ne."

"Ɗaya ne. Kiwon ɗaki yakan sauya kama. Ruwa ne ya yi yawa bana lokacin da aka sake su, tsutsa kuma ta zo da yawa."

"Ni ina ganin mutanen can ne suka aiko mana da wani abu daban da sunan namu. A je a ga na asali."

"Falmata, tun kina 'yar makaranta a ƙaramar lakwal nake kallon ƙwaron nan. Amma in kina so, je ki gani."

Bari in gaya muku abin da nake nufi da na asali. A sana'armu duk wanda ya fara raɗa wa ƙwaro suna, dole ya ware guda ɗaya tak ya ajiye a gidan adana halittu, ya ce wannan shi ne mai sunan. Muna ce masa tip. In gardama ta tashi ko bayan shekara ɗari ne, ba littafi ake tambaya ba, ba babban malami ba, wannan gawa guda ake zuwa a duba. Wanda ya dace da ita ya ci sunan, wanda bai dace ba sai a nemo masa nasa. Tip ɗin sunanmu yana wani tsohon mize, irin wannan gidan adanawa, a Turai, kuma a cikinmu ba wanda ya taɓa ganinsa, har mahaifinku. A zamaninsa wa zai sa ɗan Gaffati a jirgi don ya je ya kalli ƙwaro ɗaya? Bayan kaka wata misiyo, tafiyar aiki, ta kai ni kusa da garin, na roƙi a ƙara mini kwana biyu. Na tafi da yaƙinin zan dawo da hujjar da za ta wanke mijina, a ɗora laifi a kan waɗanda suka aiko. Ku riƙe wannan da kyau. Don in kare shi na tafi.

Mai kula da sashen zanzaro wata dattijuwa ce, siririya, kanta fari fat. Ta bi da ni ta wani dogon ɗaki mai sanyi da warin kafur, kabad bayan kabad har rufi, kowanne cike da gawawwakin ƙwari a kan allura. Ta zaunar da ni gaban mikroskop ta tafi. Can ta dawo riƙe da ɗan akwati da hannu biyu, tana tafiya kamar mai ɗauke da jinjirin da aka haifa yau. A ciki allura ɗaya ce, da ɗan katin da ya yi ja don tsufa, da wani ɗigo baƙi a bakinsa. Fiffike ɗaya ya tafi, ƙafa ɗaya babu, amma ƙaho ɗaya na nan cikakke.

"Ki riƙa juya kai in za ki yi numfashi," in ji ta. "Ya girmi kakarki, kuma babu wani."

Na yi bisimilla na sa ido. Ƙahon dogo ne siriri. Na ƙirga gaɓoɓinsa daga gindi zuwa kai, na sake daga kai zuwa gindi. Na juya fitila na dubi gadon baya. Sumul. Na ɗago na goge madubin da bakin mayafina, don na ce hazo ne, na sake sa ido. Na fiddo 'yan nawa da na zo da su, na ɗora baƙuwar kusa da shi: kamar an tsaga kara. Na ɗora ta Gaffati: ko kusa. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba.

"Wannan ai ƙwaron sito ne," in ji dattijuwar, tana ganin kamar taimakona take. "A ɗakin ajiyar hatsi aka kama shi tun farko. Ba ya son fili."

Ashe mutanen can ba su yi kuskure ba. Abin da muka rubuta shi suka aiko, daidai wa daida. Mu ne muka yi shekaru muna kiran ɗan gidanmu da sunan wani, ranar da muka yi kira daga nesa kuwa, mai sunan ya amsa. Na ga gonakin Zermu a idona, na ga tafin hannun Malam Idi. Sauran yinin da kashegari muka ƙare su muna jawo akwatuna, ni da ita, muna gwada ta Gaffati da duk wani danginta da aka taɓa ajiyewa a gidan. Ba ta dace da ko ɗaya ba. Dattijuwar ta cire tabarau, fuskarta ta cika da fara'a.

"Madam, naki ba shi da suna. Sabo ne. Akwai waɗanda suka ƙare rayuwarsu a ɗakin nan ba su sami irin wannan ba. To me ya kawo hawaye?"

Na ce mata sanyin garinsu ne bai karɓe ni ba.

Da na dawo Zinder na bari mahaifinku ya yi la'asar, ya zauna a gindin dogon yaron tsakar gida, na kawo masa hotunan da na ɗauka. Na faɗa masa a hankali, kamar yadda ake faɗin rasuwa. Ya saurara har na gama. Bai miƙa hannu ya karɓi hotunan ba.

"Rapor ɗin aikin bana na riga na rubuta, ya tafi," in ji shi. "Baɗi za a ƙara ƙauyuka."

"Da wane ƙwaro, Malam?"

"Da wanda ke labo."

"Wanda ke labo rumbu zai shiga."

"Kina so in tashi in gaya wa duniya aikin rayuwata a kan sunan aro na gina shi?"

"Ƙwaron naka ne, kai ka gano shi, kuma ya ciyar da mutane. Sunan ne kawai ba nasa ba."

"Kawai," ya maimaita. Ya sa takalmi ya fita.

Wannan ya fi abin da na gani a Turai girgiza ni. Mutumin da ya koya mini cewa ido ba ya jin kunyar kowa, shi ne ya ƙi kallon hoto. Washegari da hantsi Gwaggonku Rabi ta zo. Kada ku ga baƙinta. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta riƙa kai masa fura ƙofar lakwal, a wurinta duk Damagaram babu kamarsa. Ta ƙi tabarma, ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Falmata, ni ban yi lakwal ba, ban san ƙwaro ba. Amma na san mace suturar mijinta ce. In rigarsa ta yage a baya, matsowa kike ki kare, ba ki tara masa kasuwa ba."

"Yaya, mutane za su sake rasa gero."

"Gero na Allah ne, shi ke bayarwa shi ke hanawa. Miji fa, wa zai ba ki wani?"

Na yi ta binsa duk tsawon sanyin nan. Na ce ya faɗa da bakinsa, ni in yi shiru, a ce shi ya gano. Na ce mu rubuta tare. Na sa abokinsa limamin unguwarmu ya yi masa magana. Kullum amsar ɗaya ce, sai an ƙara bincike. Ni na san ba ƙarya yake so ya yi ba, tsoro ne ya riƙe shi, kuma yana fatan damina mai zuwa ta gaskata shi. Amma damina ba ta gwaji da cikin mutane. Har ranar babbar reniyo ta zo, taron da za a amince da rabon buhuna. Ya tashi ya yi bayani da muryar nan tasa mai daɗi, aka tafa. Darakta ya ce ko akwai mai magana. Na dubi mahaifinku, ya kau da kai. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi abin da na gani a rumbu, da abin da na gani a mize. Na ce da littattafan wancan zamani kowa ma sunan da zai ba shi ke nan. Na ce in aka raba abin da ke labo, abin da ya sami Zermu zai sami duk ƙauyen da buhu ya je.

"Madam," in ji darakta, "kin san abin da kike faɗa? Mijinki ne fa."

"Na sani, Mushe Darakta."

Mahaifinku ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu, ya fita bai dubi kowa ba.

Aka dakatar da rabon. Shi kuma aka ɗauke shi daga kan labo aka ba shi wani biro, ofis da ba aiki a cikinsa. Waɗanda suka ci tuwo a gidanmu suka mai da shi abin raha a wurin shan shayi. Ya koma kwana ɗakin zaure, abincinsa daga gidan Gwaggonku ake kawowa, in mun haɗu a tsakar gida sai gaisuwa kamar maƙwabta. Kafin saukar ruwan farko, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan azahar. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. A asibiti, gaban dangi, Gwaggonku ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ga abin da kika shuka." Ni kaina ban san ko ƙarya ta faɗa ba. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana ƙin shan maganinsa. Har yau ina ganin maganganun nan biyu kowace da rabonta na gaskiya, kuma ba zan zaɓar muku ɗaya ba.

Na dawo da shi ɗakina na yi jinyarsa. Da gero ya yi kai na riƙa zuwa Gaffati da sassafe, ina tsaga zangarnu a gonar kakanku ina neman tsutsar da ta sandare. Tsorona kada a ce na daji ma ya ƙare. Na samu kaɗan, na zuba a kwalabe, na jera su a barandar gida tunda ba na iya nisa da shi. Yana zaune a kujerarsa yana kallona. Ran nan suka ƙyanƙyashe, na duba, gajerun ƙaho ne. Ina cikin ba su ruwan zuma sai na ji ya buga hannun kujera.

"Kawo... madubi."

Na aika aka ɗauko mikroskop daga labo, na kafa a kan tebur a tsakar gida. Na turo shi kusa, na riƙe masa kai, ni nake juya madubin tunda hannunsa ba ya iyawa. Na ɗora ta Gaffati, na ɗora baƙuwar. Wannan karon ya daɗe. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya koma. Na ga hawaye na bin ɓarin fuskar da ya mutu, shi bai ma ji ba.

"Tun... yaushe... suke haka?"

"Tun ran da Allah ya halicce su, Malam."

Sannan ya ce, "Zermu."

Na ce ya bari ya ƙara samun ƙarfi, ya ƙi. Direba ya ɗauke shi kamar yaro ya sa a mota. Da muka isa bai iya sauka ba, sai aka buɗe ƙofar, mutane suka taru. Malam Idi ya zo ya durƙusa ya riƙe hannunsa mai lafiya. Mahaifinku ya yi magana, kalma ɗaya sai ya huta, ni kuwa na rantse a raina ba zan taya shi ba.

"Ni ne. Suna... na ɓata. Ku yafe."

"Haba Dokta," in ji Malam Idi. "Shekarun da muka ci gero ta dalilinka sun fi wannan ɗaya yawa. Mun yafe duniya da lahira."

Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai mahaifinku ya riƙa duban fuskoki yana neman wani. Malam Idi yana da babban ɗa, Haruna, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda gonar ke hannunsa, kuma duk zuwanmu shi ke fara tarar mota.

"Ina... Haruna?"

Wata mata a baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Idi ya dubi ƙasa.

"Da rumbu ya ƙare, ya bi mota arewa neman aiki, shi da wasu samarin gari. Motar ta mutu a cikin rairayi. Waɗanda suka kai rijiya su suka dawo da labari. Ga 'ya'yansa can a gindin bango."

Ba wanda ya gaya mana. Duk watannin da muka yi a Zinder muna gardamar suna da mutunci da wa ya tona wa wa asiri, mutumin nan yana kwance cikin hamada. Mahaifinku ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba, ba kuka ba, ba magana ba. Malam Idi ne ya koma yana ba mu haƙuri, yana cewa kwana ne ya ƙare.

Muka kamo hanyar dawowa har duwatsun Zinder suka bayyana. Sannan mahaifinku ya juyo da ƙyar.

"Sunan... ƙwaron. Haruna."

Na ce masa na riga na tsara, sunan shi kansa zan sa, shi ya gano ƙwaron, haƙƙinsa ne, kuma 'ya'yansa za su so su ga sunan ubansu a littafi. Ya ɗaga hannun hagu ya bugi kujera har direba ya waiwayo.

"Haruna."

Tare muka rubuta bayanin ƙwaron. Ina rubutawa ina karanta masa, in ya yarda ya gyaɗa kai, in bai yarda ba ya buga kujera, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Shi ya zaɓi macen da za ta zama tip, daga cikin waɗanda suka fito daga gonar ubansa, na manna ta a gabansa, na aika wa dattijuwar nan. Watannin nan, ina gaya muku, ba mu taɓa zama kusa da juna kamarsu ba. Ya rasu da sanyin shekarar, takardar ba ta fito ba tukuna. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Da ta fito, damina ta sake zagayowa, na ɗauke ta tare da buhunan farko na dogarin gaskiya na tafi Zermu. Na sami Malam Idi a inuwar rumbu, jikokinsa na wasa kusa da shi. Na gaya masa abin da Dokta ya yi wasiyya da shi, na ce daga yau duk inda aka ambaci ƙwaron nan a duniya, da wannan suna za a ambace shi, kuma ba mai iya sauyawa. Na nuna masa wurin da yatsa ko da yake ba ya karatun boko, na karanta masa yadda Latin ta lanƙwasa shi: harunai. Ya ce in sake. Na sake. Ya kira babban jikan ya zaunar da shi a cinyarsa, ya ce in faɗa wa yaron ma. Sannan ya daɗe yana motsa leɓe, yana gwada kalmar a bakinsa.

"Ba haka muke kiransa ba, Hajiya," in ji shi. "Amma shi ne."